Ɗan Farin Da Ba A Yi Wa Gaisuwa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya tafi. Yau kwana arba'in ke nan, kuma har yanzu idan na ɗora tukunya sai na tarar na auna shinkafa har da rabonsa.

Kwana ukun da muka yi na zaman makoki, siton da yake ajiye kayan mutane a unguwar Baiyun da ke birnin Guangzhou ya cika irin cikar da bai taɓa yi ba, ko gab da azumi da kaya ke kaiwa har rufi. An ture kwalaye gefe an shimfiɗa tabarmi, maza a tsakiya, mu mata a bayan labule kusa da kicin. Wani Alhaji ɗan Maraɗi da ya shekara goma ba sa ga-maciji da Kawu saboda wata kwantena da suka yi rigima a kanta, shi ya fi kowa kuka, har sai da aka fita da shi ya sha iska. Tsohuwar da ta ba Kawu hayar ginin, 'yar ƙasar nan ce, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa. Ta zo da ledar lemo ta tsaya a bakin ƙofa tana nuna kujerarsa tana cewa lawban, wato mai gida, tana girgiza kai. Hajiya 'yar Kumasi mai kitso kuwa ba ta yi kuka ba, faɗa ta yi ta yi da kowa a kan takalma da aka zubar a hanya, kuma na san ita ma kukan ke nan.

Sai yaran ɗakin sama, su tara, waɗanda Kawu ya karɓo ɗaya bayan ɗaya ranar da suka fito daga gidajen riƙo. Na ce yara ne don haka yake kiransu, amma babbansu ya yi gemu har ya ajiye iyali. Sun jeru a jikin bango, baƙaƙe da wankan tarwaɗa, da idanun iyayensu mata, suna raɗa a tsakaninsu da yaren ƙasar nan.

Duk wanda ya shigo sai ya nemi wanda zai yi wa gaisuwa. Sun yi mini, don ni ce 'yar ƙanwarsa. Sun yi wa amininsa, dattijon da suka zo ƙasar nan tare tun ana ƙirga Hausawan garin da yatsu. Sun yi wa yaran a jimlace, suna cewa an yi muku rashin uba. Mutum ɗaya ne ba a tsaya a gabansa ba, yana zaune a matattakala ta uku, kowa na ratsa shi ya wuce. Shi ne ɗan Kawu na cikinsa, ɗan fari, kuma shi kaɗai Allah ya ba shi. Waɗanda ba su sani ba sun ɗauka ɗaya ne daga cikin taran. Waɗanda suka sani sun ga kamar idan suka yi masa gaisuwar ɗa sun tona abin da mamaci ya rufe. Ni ma ina cikin waɗannan, kwana biyu ina miƙa masa shayi ban ce masa komai ba.

Saboda shi nake wannan rubutu, kuma don kada a manta da Kawu yadda yake, da alherinsa da kuskurensa. Zan faɗi duka biyun, don na gaji da yin shiru.

Na zo Guangzhou shekara takwas da suka wuce da niyyar saro mayafai in koma Kano. Na sauka wurin Kawu na tarar da shi yana dafa wa samari shida wani abu da ya rantse mini miyar kuka ce. Na ɗanɗana, na karɓe ludayin, kuma ban sake mayar masa ba. Mayafan dai na ci gaba da turawa gida ta jirgi, amma zamana ya koma nan.

Kawu a hannun mahaifiyarsa, kakarmu, ya tashi, Bafullatana ce ta wajen Bichi, kuma a gidanta ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban manya, ba a nuna an san da shi. Mahaifiyata har gobe ba ta faɗin sunan yayana, sai dai ta ce wancan. A gida wannan ba ya cutar da kowa, domin idan uba ya kawar da kai, ga kaka, ga goggo, ga baffa, kowa na rige-rigen ɗaukar yaron, kuma duk gari ya san ɗan waye. Kawu ya ɗauko kunyar ya taho da ita har nan, amma bai taho da kakar da goggon ba.

Matarsa ta Kano ta rasu ba ta haihu ba. A nan ya auri wata Musulma 'yar yammacin ƙasar nan, aka ɗaura a masallaci, aka raba dabino, ba wanda ya yi tunanin takarda. Danginta sun juya mata baya saboda auren. Ta haifi namiji, kuma da yake babu takardar aure, sunanta kaɗai aka rubuta a takardar haihuwa. Yaron na da shekara biyar Kawu ya koma gida sabunta biza, aka riƙe shi wata takwas. A cikin watannin nan ciwo ya kwantar da matar, kwana shida ta cika. Maƙwabta suka sanar da hukuma, aka kai yaron gidan marayu.

Abin da ya faru da Kawu ya dawo, amininsa ne ya ba ni labari, sau uku a shekaru daban-daban, kuma bai taɓa canja ko kalma ba. Sun je ofishin hukumar su huɗu: Kawu, da aminin, da wani dattijo da ya girme su duka, da tafinta. Aka shigo da yaron. Yana ganin ubansa ya sheƙo ya rungume ƙafarsa. Kawu kuwa, a gaban manya, sai ya sa hannu ya ɗan ture shi gefe, ya kawar da kai. Matar da ke kan teburin tana kallo. Ta tambaya ko ɗansa ne. Ya sunkuyar da kai. Aminin ya yi caraf ya ce nasa ne mana, kowa ya sani. Matar ta ce daga bakinsa take so ta ji. Ta sake tambaya, ta kuma sakewa, da yaren da yaron yake ji sarai.

Kawu ya ce, “Ga manya nan, su faɗa.”

Ta rubuta abin da ta gani, aka janye yaron yana kuka. Ban taɓa ganin laifin matar nan ba. Wani baƙo ya zo, ba takarda, ya ture yaro, an tambaye shi sau uku ya ƙi amsawa. Ko ni ce a kan kujerar ba zan ba shi ba.

Bayan kwana biyu Kawu ya koma shi kaɗai ya faɗa da bakinsa, amma yaron ba ya wurin, kuma abin da aka rubuta ya riga ya rubutu. Aka nemi takardar aure, babu. Aka nemi sunansa a takardar haihuwa, babu. Aka nemi shaidar zama mai tsawo, shi kuwa a lokacin bizar wata ɗaya yake shiga da fita da ita. Kafin ya sake dawowa an ba wasu mata da miji riƙon yaron a wani gari mai tafiyar awa huɗu a mota. Daga nan aka mayar da shi wani gidan, daga can kuma wani. An yarda Kawu ya riƙa ziyara a matsayin baƙo mai taimako. Duk wata sai ya je da ledar kaya, ya zauna a falon mutane, ya sha ruwan zafi, ya yi ta kallon bango har lokaci ya cika. Shekara goma sha uku yana wannan zirga-zirga.

A wannan hanyar ya fara ganin sauran. Ashe ba ɗansa kaɗai ba ne. Akwai 'ya'yan mutanenmu da aka kori iyayensu maza saboda biza, ko suka tafi da kansu suka kashe waya, iyaye mata kuma suka rasu ko suka kasa. Hukuma ta yi nata, ta ciyar, ta tufatar, ta sa a makaranta. Amma ranar da yaro ya cika sha takwas ya fito, ba ya da gidan da zai je ran biki, ba ya da wanda zai kira in ya kwanta ciwo, ga fatarsa da ke sa a tambaye shi daga wace ƙasa yake a garin da aka haife shi. Na farkon da Kawu ya ɗauko a tashar mota ya gan shi, da jaka ɗaya, wurin kwanan da aka yi masa alkawari a wata masana'anta ya faɗi. Kawu ya tambaye shi da gurguwar Sinancinsa ina zai kwana. Yaron ya ce meyo, wato babu. A ranar aka share ɗakin da ke saman sito aka sa katifa.

Kawu bai taɓa kafa ƙungiya ba, bai taɓa buga takarda ba. Yadda yake yi shi ne, ran Juma'a bayan an idar sai ya tsaya a bakin hanya ya tare mutum ya ce, kana da kujera a shagonka? 'Yan kasuwarmu kullum suna neman tafinta mai gaskiya, su kuma yaran nan da yaren aka haife su. Ya sa biyu wurin masu wayoyi a unguwar Tianhe, uku wurin masu tura kaya ta jirgi, ɗaya yana duba lodin kwantena a tashar jiragen ruwa ta Nansha. Ba ya barin abin ya tsaya a aiki. Sai ya tara mutum uku shaidu, ya kama hannun yaron ya sa a hannun mai shagon ya ce daga yau kai ne kawunsa, ran Sallah a gidanka zai ci, in ya yi ba daidai ba kai za ka ja masa kunne. 'Yan Maraɗi suka ɗauki nauyin gero da wake, 'yan Kano shinkafa da mai, Hajiya 'yar Kumasi ta ce duk mace tata ce. In mai shago ya ce masa ba wuri, sai ya yi dariya ya ce meyo ba amsa ba ce, sallama ce kawai, ya koma masa Juma'a mai zuwa.

Yana da dokoki, kuma ba ya sassauta su. Ba a cin abinci a tsaye. Ba a wuce babba ba gaisuwa, ko da Hausar ta tsaya a ina kwana. Ba a tambayar sabon zuwa labarinsa har sai ya yi wata ɗaya yana barci a wuri guda. Ya taɓa korar wani baƙo daga kan tabarma saboda ya tambayi wani yaro wai ina babanka.

Ba zan manta ranar da ya kawo wata yarinya ba, ita kaɗai ce mace a cikinsu. Kanta a aske kamar na namiji, domin matar da ta riƙe ta ba ta san yadda ake taje irin gashin ba, sai dai ta bi shi da almakashi duk wata. Shekararta sha takwas ba a taɓa yi mata kitso ba. Kawu ya kai ta wurin Hajiya, ya sa aka kawo masa man kaɗanya daga gida, ya hana kowa kusantar kan nan da almakashi. Bayan wata biyar aka yi mata kitson farko, 'yan ƙanana da su. Ta zo ta durƙusa ta gaishe shi, ya dube ta ya ce wace ce wannan baƙuwar, a kawo mata ruwa. Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, shi kuma ya tashi ya shiga cikin kwalaye wai yana neman wani kaya.

Kowane yaro ran da ya zo, Kawu yakan ciro makulli daga aljihu ya ɗora masa a tafin hannu ya ce, wannan naka ne, ba wanda zai tambaye ka ƙarfe nawa ka dawo. Haka kuma duk takardar aiki ko ta asibiti da ke da layin wanda za a kira in wani abu ya faru, lambarsa yake sa a rubuta. Su tara, lamba ɗaya.

Ɗansa ya fito shekara biyu bayan zuwana. Kawu ya yi asubanci ya je ya tsaya a bakin ƙofar gidan riƙon, ya karɓi jakarsa, suka yi tafiyar awa huɗu suka dawo. Ya kawo shi ɗakin sama ya nuna masa katifa kamar kowa. Bai ba shi makulli ba. A takardar aikinsa kuma lambar aminin aka rubuta. In zai aike shi sai ya ce da ni, ki gaya wa yaron nan, alhali yaron nan yana tsaye a gabansa. Aikin da ya fi wahala shi ake ba, Nansha a cikin rana, kuma in an yi yabo a kan tabarma sunan kowa zai fito ban da nasa. Duk yamma sai ya ƙwanƙwasa ƙofa kamar baƙo, Kawu ya taso da ciwon gwiwarsa ya buɗe masa, ya dube shi sau ɗaya, ya koma ya zauna. Ba ya yarda wani ya riga shi zuwa ƙofar.

Ni taubashiyarsa ce, ɗiyar goggonsa, kuma wasan taubasai ne kaɗai hanyar da na samu ta ce masa kai namu ne. Tun ranar farko na soma. Da na ga yana cin tuwo da tsinke biyu, na ce yau na ga abin da ya fi ƙarfina, ɗan Kano da sandunan saƙa. Na sa masa suna malalaci, na ce in ya je gida ko akuya ba za ta aure shi ba. Da fari ya ɗauka tsana ce. Sai wani daga cikin yaran ya yi masa bayanin cewa ba a yi wa bare irin wannan wasa, sai ɗan kawu. Daga ranar ya fara ramawa, ya ce miyata ce ta sa gwiwar tsoho ta ƙi warkewa. Yana kirana Yaya. Ya koyi Hausa da sauri fiye da duk sauran, kuma na san dalili, so yake duk ranar da aka faɗi maganar ya ji ta ba tafinta.

Sau ɗaya ya yi mini zancen. Muna gyaran alayyafo, bai ɗago kai ba, ya ce yana tuna ofishin, yana tuna launin wandon da ya rungume. Na ce masa ai ka ga shi yake buɗe maka ƙofa kullum, don ya ga fuskarka ne ya hana ka makulli. Ya ce ya sani, shi ba yaro ba ne. Ya ce, “Yaya, sau uku aka tambaye shi. Ni sau ɗaya nake so in ji.”

A wannan daren ban yi barci ba, washegari da hantsi na tare Kawu a cikin sito. Na ce yanzu yaron ya girma, ba sai an nemi izinin kowa ba, su je su biyu a gwada jini, a gyara takarda, a sa sunansa inda ya kamata. Ya ce sai bayan Sallah. Na ce bara ma haka ka ce. Ya ce sai kayan mutane sun tashi. Raina ya ɓaci, na manta da wanda nake magana, na ce masa Kawu wannan ba kunya ba ce, tsoro ne, kakarmu ma da ta ga an tafi da jikanta da ta buɗe baki. Na ce ka zama uban 'ya'yan kowa don kada ka zama uban naka.

Bai taɓa kallona irin kallon ranar ba. Wata guda ba ya amsa gaisuwata, ko da yake fushin nasa bai taɓa kaiwa ga kwanon tuwo ba. Ranar da ya sauko, shi ya same ni a kicin, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “'Yar nan, ranar da ya kamata in faɗa ban faɗa ba. Yanzu da wane baki?”

Na ce, “Da wannan da kake cin tuwo da shi.”

Ya yi murmushi, ya ce bakina irin na uwata ne. Ya ce zai yi, in ba shi lokaci. Na ba shi, kuma wannan ne laifina da ba zan yafe wa kaina ba, domin shekara uku na ba shi.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Ya faɗi a bakin sito ana lodi, aka kai shi asibiti, ya yi kwana tara. Ɗan bai koma Nansha ba ko sau ɗaya, shi ke juya shi, shi ke goge masa baki, shi ke magana da likitoci. Rana ta tara bayan la'asar hankalin Kawu ya dawo sarai. Aminin na zaune, da wasu dattawa biyu da suka zo dubiya. Na ga Kawu ya juya ido ya dubi ɗansa, ya daɗe yana dubansa, leɓensa na motsi. Na so in kori dattawan nan daga ɗakin, wallahi na so, amma ni ma kunyar ta riƙe ni. Sai ya dubi dattawan, ya mayar da fuskarsa bango, ya ce da ni, “Ki ce wa yaron nan ya je ya ci abinci.”

Ita ce magana ta ƙarshe da ya yi a kansa. Kafin magariba ya cika da kalmar shahada a bakinsa.

Washegari aka ce sai ɗan'uwa na jini ya sa hannu kafin a ba da gawa. Ɗan ya miƙe ya isa teburin kafin kowa. Aka karɓi katinsa aka duba, aka tambaye shi mene ne haɗinsa da mamacin. Ya ce mahaifinsa ne. Aka ce ya kawo shaida. Ya tsaya da alƙalami a hannu, ya juyo ya dube mu, sannan ya ajiye shi a hankali. Ni ma ba a karɓi tawa ba, don ba ni da takardar da ta nuna uwata ƙanwarsa ce. Kwana goma sha ɗaya Kawu ya yi a ɗakin sanyi muna jiran takarda daga Kano, mutumin da bai taɓa barin gawar wani ta kwana biyu ba tare da ya tayar da hankalin kowa ba. Kullum ɗan sai ya je ya zauna a bencin da ke waje daga safe har a rufe.

Ban je maƙabarta ba, aminin ne ya gaya mini. Da liman ya ce ina makusantansa su shiga kabarin su karɓe shi, sai mazan cikin yaran suka matso, ɗan ya tsaya a baya yana jira a kira shi. Aminin ya ce ya so ya kira shi, sai ya ga kamar zai ci amanar mamaci a bakin kabarinsa. Babban yaran da na biyunsa ne suka shiga.

Ran addu'ar uku, bayan azahar, aka shafa fatiha, mutane suka fara neman takalma. Ina bayan labule ina kallon ɗan Kawu a matattakala, kofin shayin da na ba shi da safe yana gefensa bai taɓa ba. Na ga an kusa watsewa, kuma na san in aka watse a haka shi ke nan, mun binne maganar tare da mai ita. Na yaye labulen na ratsa tsakiyar maza, abin da ban taɓa yi ba. Ya ɗago yana jiran in ce masa malalaci. Na durƙusa a gabansa, na ɗaga murya yadda na bakin ƙofa zai ji.

Na ce, “Ɗan Kawu, ya haƙuri? Allah ya jiƙan mahaifinka.”

Na ji aminin ya fashe da kuka a bayana, irin kukan tsofaffi da ba ya da sauti sosai. Shi kuwa ɗan ya yi ta kallona, bakinsa a buɗe kaɗan. Sai ya sunkuyo ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada a ji.

Ya ce, “Yaya, me ake cewa?”

Duk Hausar da ya koya, wannan ba ta ciki. Ko da uwarsa ta rasu ba wanda ya yi masa gaisuwa.

Na ce, “Ka ce, da godiya.”

Ya gwada, leɓensa ya motsa kamar yadda na ubansa ya motsa a asibiti, amma ba abin da ya fito. Kafin ya sake gwadawa aminin ya iso ya durƙusa kusa da ni da gwiwoyinsa na tsufa, bayansa Alhajin Maraɗi, bayansu mutane suka ajiye takalman da suka ɗauka suka yi layi. Ya miƙa wa kowa hannu, ya ji kalmar daga baki fiye da hamsin, yana kallon kujerar da ba kowa a kanta.

Allah, ga bawanka nan ya zo maka da makullai tara da ya raba da kalma ɗaya da ya riƙe. Ka auna masa da rahamarka, ka yalwata masa kabari, ka sanyaya zuciyar wanda ya bari. Mu da muka taya shi yin shiru, ka yafe mana.